Marayun da Tarkonka Ya Bari

Yaya Ɗan'azumi,

Na bi motar safe zuwa Zariya, ban tashe ka ba. Babban maharbi yana bukatar hutu.

Tarkon da ka ɗana wa ɓeraye a gindin rumbu ya yi kamu: kyanwar Inna. Na binne ta. Ɓerayen suna nan lafiya, suna gaishe ka.

Ta bar 'ya'ya uku, ko ido ba su buɗe ba. Ɗaya ya riga ya bi uwarsa, don matarka ta ɗura masa nono mai tsami, wai duk fari ɗaya ne. Sauran biyun suna cikin ƙwarya kusa da murhu, a kan rigar sanyin da na zo da ita daga Ingila. Yau dai ta yi amfani a Makarfi.

Ummuhani mai nono za ta kawo madara sabuwar tatsa. Ka ɗumama, ka murza auduga kamar lagwani, ka tsoma a madarar, su tsotsa duk sanda suka yi kuka. Sannan ka shafa musu gindi da jiƙaƙƙen tsumma har su yi fitsari. Uwarsu da harshe take yi, kai an yi maka sauƙi.

Kada ka jira likitan dabbobi, shanu ma ba sa ganinsa.

Gobe Inna za ta dawo daga Dandamisa. In biyun nan suna da rai, ban san abin da ya kashe kyanwarta ba. In babu, da bakinka za ka faɗa mata, kuma kai za ka riƙa kwana a rumbu kana kamun ɓera.

Ja'afaru