Jarka Mai Rubutu da Geron Balkisa

Talata, 2 ga Disamba

Zuwa ga mai girma Shugaban Ƙungiyar Manoman garinmu, Alhaji Sadiƙ, da dattawan kwamiti baki ɗaya. Bayan gaisuwa da girmamawa. Ni ne Magagi Zaidu, wanda kuka ɗora a kan ɗakin ajiya da motar ƙungiya bayan na kammala karatun manya a Filinge. Wannan rubutu nawa ne ni kaɗai, ba zan kawo muku shi ba. Amma da sunanku na buɗe shi, domin haka ya dace da wanda yake ƙarƙashin wasu.

Ga halin da ake ciki. An sa ranar Litinin, sha biyar ga wata, ta zama ranar sakin gonaki. Daga wannan rana shanu suna da izinin shiga ko'ina, kuma abin da suka ci ba wanda zai biya. Dammunan geron mutanenmu da yawa har yanzu suna jibge a gonakin daji na hanyar Sanam, inda amalanke kan yini kafin ta je ta dawo. Motar ƙungiya ce ke kwaso su, gida bayan gida, bisa layin da na tsara.

Balkisa, matar marigayi yayana, ita na sa ƙarshe. Ta zo da safe ta same ni. Ta ce, "Magagi, gonata ta fi ta kowa nisa, kuma ba namiji gidana. Matso da ni gaba mana." Na bayyana mata cikin ladabi cewa in na fara da dangina, bakin mutane ba zai bar ni ba. Ta ce, "To, mai muƙami. Allah shi bar ka da bakin mutane." Wasa ne irin na matar wa da ƙanen miji. Ina zaton wasa ne.

Sahabi direba ya tafi Sanam, mahaifinsa ya rasu. Kafin ya hau babur ya ce man inji ya yi baƙi, lokacin juye shi ya yi.

Laraba, 3 ga Disamba

Yau na yi aikin da ya cancanci a rubuta.

Na ga bai kamata Sahabi ya dawo daga makoki ya tarar da aiki yana jiransa ba, ga kwanaki suna tafiya. Na sha ganinsa yana juyen mai. Na shimfiɗa buhu, na shiga ƙarƙashin mota, na kwance kusar da ke ƙasan inji, baƙin mai ya tsiyaye cikin tsohon kwano, na mayar na ɗaure. Ya ɗan zuba mini a hannun riga.

Zaɓen sabon mai bai ba ni wuya ba, saboda gyaran da na yi wa ɗakin ajiya a watan jiya. A lokacin na tarar kowace jarka da tsumma ɗaure a mariƙinta, ja, shuɗi, baƙi, duk sun sha maiƙo. Na kwance su na ƙone, na jera jarkokin bisa ga abin da ke rubuce a jikinsu. Yau sai kawai na ɗauki mai hoton babbar mota, wadda aka rubuta man inji da Faransanci. Na haɗa baƙaƙen da kaina. Man fari ne tas. Na lura ya fi wanda na saba gani tsinkewa, amma abin da ke rubuce ke nan.

Habsa, uwargidana, ta kawo mini sabulu. Ta ce, "Baban Najiba, da ka jira mai motar." Na tuna mata cewa mai motar ƙungiya ce, ƙungiya kuma ni ta ba.

Juma'a, 5 ga Disamba

Sahabi ya dawo. Na yi masa ta'aziyya, na sanar da shi aikin. Ya zaro ƙarfen awo ya duba, ya ce, "Madalla, Malam," idanunsa a wani wuri. Na so ya ƙara wani abu.

Lahadi, 7 ga Disamba

Mota ta mutu.

Ɗauke take da geron gidan Abdu maƙeri, a cikin yashin kwarin nan da ke tsakanin gari da daji. Waɗanda ke bisa sun ce da fari jar wuta ta kama a gaban direba, sai inji ya fara buge-buge kamar ana daka, sai shiru. Sahabi ya tako da ƙafa har gari. Bai bi ta gidansa ba, ɗakin ajiya ya wuce, na bi shi.

Ya tsaya yana kallon jarkokin da na jera. Ya ce, "Ina tsummokaina?" Na ce na kawar da ƙazanta. Ya ɗaga wadda na yi amfani da ita, wayam. Ya ɗaga murya, a gaban mutane. Abin da na riƙe daga maganarsa shi ne: mai ba ya zuwa cikin jarkarsa, awo ake saya a bakin tasha, a zuba cikin duk wadda ta samu. Mai jan tsumma man ɗaga bayan mota ne, na lokacin juye kaya. Shi na ɗura wa inji.

Na ce masa, "Da ka gaya wa mutum." Ya ce, "Da ka tambayi mutum!" Ya kira ni da wani suna wanda ba zan rubuta ba. Na yi masa uzuri, yana cikin makoki.

Ina so ya zauna a rubuce cewa ba wanda ya taɓa sanar da ni batun tsummoki.

Litinin, 8 ga Disamba

Naziru makanike ya zo daga Filinge, ya buɗe inji a nan cikin yashi. Ya nuna mini wasu ƙarafa da suka yi shuɗi, sun cinye juna. Ya ce sai an aiko da wasu daga Yamai, kuma ko an aiko, ba kafin ranar saki ba. Na tambaye shi ko tsufan mota ma zai iya kawo haka. Ya dube ni, ya ce zai iya. Bai ce shi ne ba.

Kwamiti ya zauna da la'asar. Na shirya jawabi mai sassa, amma Alhaji Sadiƙ ya ɗaga hannu tun ina gaisuwa. Ya ce, "Magagi, zancen wa ya yi me, sai bayan saki. Yanzu gero ke daji." Kowa ya watse neman amalanke.

Wannan ya fi mini zafi a kan a ce sun yi mini faɗa.

Laraba, 10 ga Disamba

Duk mai amalanke nasa yake kwasa, ko na surukinsa. Jakina guda ne, kuma ya tsufa.

Ban je gidan Balkisa ba. Na bi ta bayan masallaci.

Alhamis, 11 ga Disamba

Ita ta zo. Ta tarar da ni ina cin tuwo, sai na ajiye. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Ba faɗa ya kawo ni ba. Ɗiyan wanka ne, me za su ci bana? Shi kaɗai nika son ka gaya mini." Na fara bayyana mata batun jarka. Ta ce, "Magagi, ba a tuƙa tuwo da jarka."

Habsa ta raka ta har ƙofa. Da ta dawo sai ta ɗauke kwanon.

Geron nan Balkisa da kanta ta nome shi, da 'ya'yanta mata. Na ga hannuwanta lokacin girbi. Ban san dalilin da ya sa nake rubuta wannan ba.

Asabar, 13 ga Disamba

Jiya bayan sallar Juma'a na bi gida gida ina roƙon amalanke saboda geron Balkisa. Ban taɓa roƙon wani abu a garin nan ba tun da na yi aure. Wasu sun ce sai sun gama nasu. Wani ya tambaye ni ko in zai ba ni amalanken sai ya rubuta a jikinta, aka yi dariya. Na yi dariyar ni ma, ba ta fito daidai ba.

Abdu maƙeri ya ba da tasa, shi da geronsa ya kwana a yashi saboda ni. Saboda motar, nake nufi. Sahabi ya aro shanun noman ƙanensa ba tare da na neme shi ba. Ya kawo su ƙofata ya ce, "Ga su. Ruwa suka sha, ba mai ba." Na kama igiya.

Yau mun yi zuwa gonar Balkisa. Hanyar ta fi yadda nake tunawa nisa. Dami kuma ya fi yadda nake tunawa nauyi. Rabona da ɗora shi a kai tun ina saurayi. Kafaɗata ta sale. Tarin bai ko nuna an taɓa shi ba.

Lahadi, 14 ga Disamba

Shanu sun sauko, suna tsaye bayan tsauni. Na je wurin Ardo Musa, shugaban makiyayan, na tuɓe takalmi a bakin rugarsa. Na roƙe shi kwana ɗaya. Ya ba ni nono, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce nasa zai tsare su, amma garkunan da ke tafe daga arewa ba shi da iko da su, kuma dabbobi sun daɗe suna jiran wannan rana da yunwa. Na yi godiya, na sa takalmina.



Talata, 16 ga Disamba

Jiya tun hantsi muna ta lodi. Amalanke sun ƙaru, domin wasu sun gama nasu sun biyo mu. Mun kwashe babban tari kaf. Ƙaramin da ke gefen gabas, kusa da burtali, shi ne ba mu kai gare shi ba. Muna ɗaure lodin ƙarshe garken wasu baƙi ya shigo ta can. Kafin mu isa sun tarwatsa shi. Abin da ya rage sai kara da tattakakkiyar zangarniya.

Samarinmu suka ɗauki sanduna. Ban san lokacin da na shiga gabansu ba. Na ce musu yau ranar makiyaya ce, ba su keta doka ba, duk mai neman wanda ya ɓata geron nan ga shi tsaye. Na faɗe shi ne kawai domin a kauce wa fitina. Sandunan dai sun sauka.

Balkisa ta durƙusa tana tsintar zangarniyar da ta tsira, na durƙusa kusa da ita. Na ce abin da shanu suka ci zai fito daga rumbuna. Ta ce, "Bar ni in tsince nawa tukuna." Can kuma, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Miƙo mini kwandon, ƙanen miji." Na miƙa.

Abin da ya shiga rumbunta zai kai su ga damina, in an yi tattali. Kwamiti zai zauna Alhamis. Ban shirya jawabi ba, kafaɗar ba ta bar ni ba.

Waɗanda aka yi abin nan a gabansu su ne: Sahabi direba, Abdu maƙeri, Ardo Musa, wanda ya cika alkawarinsa, ko saniyarsa ɗaya ba ta shiga ba, da Habsa, wadda ta kai mana fura har daji. Sai Balkisa. Ta ce kada in sa ta cikin rubutuna, amma geron nata ne.