Ina da Rai, Ranka Ya Daɗe

Zuwa ga Shugaban gidan rediyon da ya sanar da mutuwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka.

Sunana Sabi'u, daga ƙasar Gwiwa. Garaya nake kaɗawa, kuma ni ke tsara waƙoƙina na noma da na kiwo. Ni ne wanda mai gabatar da shirinku na waƙoƙin gargajiya ya kira marigayi ranar Juma'ar da ta wuce.

Na ɗaya. A ranar ina ƙetaren iyaka, gaba da Babura, wajen bikin wani makiyayi, waya ba ta shiga. Na dawo Asabar da hantsi na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu. Kawuna ya ga na sauko daga babur, carbi ya suɓuce masa. Mahaifiyata ta shafa fuskata ta ce, "Sabi'u, kai ne?" Sai ta sulale ƙasa. Ashe wani dattijon makaɗi ne mai irin sunana ya rasu a Roni, Allah ya jiƙansa. Ko waya ba a buga an tambaya ba kafin a shaida wa duniya.

Na biyu, kuma shi ya fi ɗaure mini kai. Shekara uku ina kai muku waƙoƙina, ana ce mini ba a san ni ba, in ƙara haƙuri. Ranar nan kun sa huɗu a jere, har ana cewa ƙasa ta yi rashin fasihi. Ashe suna wurinku! Mutuwata ake jira?

Na uku. Masu biki biyu a Kazaure da suka riga suka gayyace ni sun nemi wani makaɗin. Mahaifiyata kuwa ta ɓoye garayata, ta rantse ba zan ƙara taɓa ta ba, wai ita ta jawo mini baki.

Roƙona, ranka ya daɗe, a gyara sanarwar a cikin shirin, a lokacin da aka yi ta. A yi wa iyalan mamacin na gaskiya ta'aziyya, don su ma an zalunce su. Sannan a turo mai shirin ya durƙusa gaban tsohuwar nan ya ba ta haƙuri. Muryarsa ce tsohuwar ta gaskata ranar nan, wataƙila ta sake gaskata shi ta sakar mini sana'ata.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare mahaifiyarka daga jin abin da tawa ta ji.

Wassalam.

Sabi'u mai garaya, Gwiwa.