Mai Hange Ba Ya Shiga Ƙasan Jirgi

Lahadi

Zuwa ga maigidana, ubana a sana'a,

Gaisuwa mai ƙamshin girmamawa, da fatan wannan takarda ta same ka cikin sauƙi, ƙafar nan ta daina yi maka tsiya, idanu kuma Allah Ya sanya haƙurin rashinsu a mizani. Inna, ke da za ki karanta masa, ina gaishe ki da ɗawainiya. Ki yi haƙuri da rubutuna. Da hannu na yi, na ɗauki hotonsa na turo wayarki, domin yatsana bai iya zance a kan gilashin waya ba.

Maigida, na sauka lafiya a zango na farko, kuma Mai Hange yana nan kwance kan gado kusa da ni, lafiya lau cikin akwatinsa. Na fara da shi ne don na san shi za ka fara tambaya kafin ka tambayi lafiyata. Ban manta ranar da ka lalubo shi daga ƙarƙashin gado ka ɗora min a cinya ba. Ka ce wannan dogon gilashin kyamara shi ne idon da ya rage maka a duniya, ka ba ni aronsa in ɗauko hoton tsuntsayen tafki, bisa sharaɗi ɗaya: kada ya bar hannuna, kada ya shiga ƙasan jirgi inda ake jibge kaya. Ka tuna min da wansa, wanda ka miƙa wa masu lodi shekaru talatin da suka wuce, aka dawo maka da shi yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Na ɗora hannuna a kan naka na amsa.

To, yau aka fara gwada amsar.

A kantar filin jirgi akwai wata baiwar Allah mai murmushin da ba ya kaiwa ido. Ta karɓi babbar jaka mai tufafi da ƙafar kyamara ba gardama, sannan ta nuna jakar hannuna ta ce in ɗora a sikeli. Allura ta tsaya a kilo goma sha shida. Ta ce doka bakwai ce, don haka jakar ta bi 'yar'uwarta ƙasa. Na yi mata bayani da lafazin da ya kamata, na ce a ciki akwai kyamara biyu da gilasai huɗu da batura, kuma ɗaya daga cikinsu amana ce. Ta ce sikeli bai san amana ba.

Sai na ja gefe, gaban jama'a, na buɗe jaka. Ka san rigar nan mai aljihu goma sha biyu da mai ɗakina ta ɗinka min, wadda kake cewa ta mai da ni kamar buhun da aka yi wa faci? Ranar darajarta ta zo. Batura a aljihun ƙirji, ƙananan gilasai a na ciki, fitila da caja a na baya, kyamara ɗaya a wuya, ɗaya a kafaɗa. Na bar Mai Hange shi kaɗai a jaka kamar ango. Na dawo ina tafiya da ƙyar, gumi na bin bayana, na ɗora. Bakwai ba kaɗan. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce ai nauyin bai je ko'ina ba. Na ce gaskiya ne, amma dokarku jaka take aunawa, ba bawan Allah ba. Wani dattijo a bayana ya yi dariya har tabaransa ya zame. Ta buga hatimi.

A cikin jirgi wannan ya zo min:

Sikeli ya auna jaka, bai auna mai jaka ba,
Ya ga ƙarfe da gilas, bai ga alƙawari ba.

Na san za ka ce da waƙa tana wanke hoto da na yi kuɗi tuntuni. Ka faɗa, Inna ta rubuto min.

Gobe ƙaramin jirgi zai kai ni tafkin, inda Dakta mai binciken tsuntsaye take jira. Shekara ashirin da huɗu ina ɗaukar amare da hoton fasfo, sai yanzu wani ya neme ni don littafi. Tsuntsayen kwasakwasa ne, dubbai, masu jaka a ƙarƙashin baki wadda babu wanda ya taɓa auna musu. Kwana goma ya rage su tashi.

Ka sa ni a addu'a. Naka har kullum,
Mai Baiti

Talata

Maigidana mai daraja,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta Inna, da fatan maganin nan na safe ba a tsallake shi, ina sanar da kai cewa har yanzu ina ɗakin da na rubuto maka wasiƙar farko. Tagar ɗaya ce, labulen ɗaya ne, fankar ma tana nan da kukanta. Jirgin ya tafi, ni ban tafi ba.

Ashe ƙaramin jirgi kujera goma sha biyu gare shi, kuma a can ba jaka kaɗai ake aunawa ba. Mutum ne yake hawa sikeli, kamar buhun hatsi, bayan ya zube duk abin da ke jikinsa a kan tebur. Mai sikelin wani siriri ne mai biro a bayan kunne, wanda da gani ka san ya taɓa haɗuwa da masu riga irin tawa. Ya sa na kwashe aljihu goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, yana jerawa, yana kiran sunan kowane abu kamar mai rabon gado. Ya ce abin da fasinja zai riƙe a hannu kilo biyar ne, ko allura ba ta ƙaruwa, domin jirgin ƙarami ne kuma matuƙi da lissafi yake tashi. Mai Hange da akwatinsa kaɗai sun kai shida saura kaɗan.

Na yi magana, Maigida. Na yi ta da taushi, na yi ta da hujja, na yi ta da baiti. Na ce a cire giram ɗari takwas ɗin daga nauyin jikina, ga wani can ya fi ni da kilo arba'in kuma ba a ce ya bar cikinsa a ƙasa ba. Mutumin ya ji, bai ji daɗi ba. Mai sikeli ya ce zai liƙa wa akwatin jar takarda mai cewa a yi hankali. Na ce masa jar takarda ba ta taɓa riƙe hannun mai jifa ba. Muna cikin haka aka rufe ƙofa, aka ba wata mai jiran gurbi kujerata. Ina tsaye a bakin taga na ga jirgin ya ɗaga.

Jirgi ya ɗaga ya bar ni tsaye a rana,
Ya tafi da kujera, ni na riƙe magana.

Sau biyu yake zuwa a mako, Litinin da Alhamis. Dakta ta kira, murya a ɗaure. Ta ce tsuntsaye ba su san da alƙawarina ba, wasu ma sun fara gwada fukafukai, in Alhamis ta wuce ban iso ba za ta ba wani aikin. Ban ga laifinta ba.

Mai ɗakina ma ta kira. Ta ce in naɗe shi da tawul uku in tura shi ƙasa, tafiyar minti hamsin ce kawai. Sannan ta faɗi abin da ya sa na ajiye wayar ban yi sallama ba. Ta ce: "Ai Maigida ba zai gani ba."

Inna, karanta masa wannan a hankali. Ba da mugunta ta faɗa ba, tausayina ne ya yi mata yawa, kada ku riƙe ta. Amma ni a wurina nan ne maganar ta ƙare. Da kana gani, da wataƙila na yi maka wayo, ka kama ni, ka zage ni, mu shirya kamar yadda muka saba. Mutumin da ya ba ni idonsa saboda ba shi da wani, ba zan ci amanarsa ta ƙofar da ba zai iya tsarewa ba.

Zan tafi Alhamis, kuma a cinyata zai tafi. Yadda za a yi ban sani ba tukuna.

Naka mai taurin kai, kamar yadda ka rene shi,
Mai Baiti

Laraba ta mako na biyu, daga bakin tafki

Ubana a sana'a,

Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya yi laifi yana sane, ina tambayar lafiyarka da ta Inna, wadda na san ta sha faɗan da ni ya kamata in sha. Ka yafe min shirun kwanakin nan. A nan sai an hau tudu waya take samun magana.

Saƙonka ya iso min tun waccan Larabar, da muryarka, na saurare shi sau biyar. Ka kira ni wawa, ka ce gilashi gilashi ne, tsoho ne ya yi surutunsa, ka janye sharaɗi, in jefa shi ƙasa in kama aikina. Na gode. Amma ban karɓa ba. Kai ka nemi alƙawarin, wannan gaskiya ne, sai dai daga bakina ya fita, kuma na san muryarka tun ina riƙe maka fitila: wadda ka yi saƙon da ita, irin wadda kake cewa ka ƙoshi ce alhali ka tura min kwanonka.

Ga abin da na yi. Na sauka kicin ɗin masauki na roƙi mai dafa abinci aron sikelin da yake auna gari. Ya ba ni, ya ja kujera ya zauna kallo. Abin da fushi ya hana ni gani ranar Litinin, sikelin gari ya nuna min: ba Mai Hange ne ya yi nauyi ba, akwatinsa ne. Tsirararsa kilo huɗu ne da giram ɗari. Na ɗora tsohuwar ƙaramar kyamarata da batir guda a cikinta, ya zama huɗu da ɗari takwas. Na naɗe shi da tawul, ya haura biyar. Na cire tawul na sa singileti biyu, na kwance igiyar kyamara, na cire har zoben makullin da ke jikinta. Mai dafa abinci ya ce bai taɓa ganin an yi wa ƙarfe kaciya ba sai ranar. Biyar saura giram hamsin.

Duk sauran, babbar kyamarata, gilasaina uku, batura, caja, da rigar aljihu, na zuba a jaka na miƙa ƙasa da hannuna. Su nawa ne, ba wanda na yi wa rantsuwa a kansu.

Ranar Alhamis mai sikeli ya auna, ya sake aunawa, ya zare biro daga kunne ya rubuta. Ya tambaya ko jariri ne na rungume haka. Na ce dattijo ne. Minti hamsin ina riƙe da shi a ƙirji, jirgi yana rawa kamar ganye, ban sake shi ba ko don share gumi.

Da muka sauka aka ce jirgi ya yi nauyi, an bar jakunkuna huɗu a baya sai Litinin. Tawa tana ciki. Na tsaya gaban Dakta da gilashi ɗaya, kyamara ɗaya, batir ɗaya, babu caja, babu ƙafar kyamara, babu ko rigar sauyawa. Ta dafe kai. Na ce ta nuna min ruwan kawai.

Kwana uku na yi aiki irin na zamaninka, lokacin da ake ƙirga fim. Na cika buhu da yashi na ɗora Mai Hange a gefen kwalekwale. Ban duba allon bayan kyamara ko sau ɗaya ba don kada ya sha wuta. Sai na jira, na riƙe numfashi, sannan in danna. Hoto ɗari da goma sha tara na ɗauka, batir ya mutu da hantsin Lahadi, kuma da la'asar ɗin ranar tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya, sama ta yi fari fat, ina kallo da idona kawai. Wannan hoton ya wuce ni, ba zan ɓoye maka ba, kuma ya yi min ciwo. Amma Dakta ta zaɓi ashirin da shida cikin waɗanda na samu. Akwai ɗaya da uwa ta buɗe baki ɗanta ya cusa kai har wuya, ana ganin ɗigon ruwa a kan gashinsa. In na zo zan zauna in faɗa maka shi gashi bayan gashi.

Jakata ta iso shekaranjiya, da jar takarda a jikinta. Gilashin da nake ɗaukar amare da shi, wanda ya ciyar da gidana shekara tara, ya tsage daga gefe zuwa gefe. A daidai gurbin da Mai Hange zai kwanta yake, da na bi maganar mutane, har da taka.

Abin da na ɗauka da baki zan sauke da hannu,
Mai gaggawa ya wuce, ni ina tafe a sannu.

Mai ɗakina ba ta san gilashin ya tsage ba tukuna. Inna, kada ki riga ni; wannan sikelin ni zan hau shi da kaina.

Gobe Alhamis zan biyo jirgin, shi a cinyata. Ka wanke hannu ranar Asabar, Maigida, ka shafa shi daga baki har gindi. In ka sami ƙwarzane ɗaya, na bar waƙa.

Ɗanka,
Mai Baiti