Na Riƙe Sanda, Na Saki Baba

Zuwa ga ƙanena Eusebio,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Nelida da yara, Ya tsare ku a can Lima. Mu nan an kwashe dankali, Inna ta busar da rabi, tarin nan nata ma ya yi sauƙi. Sauran labarin ba daɗi, amma ranar wanka ba a ɓoye cibiya.

Ka san Baba bai taɓa barin watan Agusta ya wuce bai hau kufan kakanni ya zuba wa ƙasa giyar masara, ya binne mata ganyen koka ba. To, bana hukuma ta kafa doka cewa ba mai shiga da sanda, wai ƙarfen gindinta na cinye duwatsun da baƙi ke zuwa kallo. Tsoho kaɗai aka yarje wa, shi ma sai da takardar likita da hatimin ofis. Sau uku ina shiga mota zuwa birni. Na farko suka ce babu hoto. Na biyu mai hatimin ya tafi hutu. Na uku wata mai jan baki ta ce takardar likitan kwana talatin take yi, ta mutu, in sake wata. Na ce mata a hannunku ta mutu ai, ta ce in matsa akwai mutane a bayana.

Ranar ƙarshen wata Baba ya ce ƙasa ba ta san ofis ba, muka tafi. Mai gadin ƙofa Wilber ne, ɗan maƙwabcinmu, wanda Inna ta goya. Kansa a ƙasa ya ce in ya bar mu zai rasa aikinsa, sai dai a ajiye sandar a ɗakin kaya a manna mata lamba. Kai ma ka san ba sandar dogarawa ce kawai ba. Ta shugabancin gari ce, mai zoben azurfa, ba a kwantar da ita, ba a jingine ta, bare ba ya taɓa ta. Baba ya tambaye shi ko tsakanin laimomin baƙi zai jefa sandar kakanninsa. Daga nan Baba ya miƙo mini ita, ya ce in tsaya a waje in riƙe ta a tsaye har ya sauko.

Na tsaya, Eusebio. Wauta ta sa na tsaya. Ina ji ina gani tsoho mai shekara saba'in da takwas ya kama matakalar dutse yana dafa bango, tulun giya a goye. Bai kai rabi ba ƙafa ta zame. Ƙugunsa ya karye, likita ya ce ba zai ƙara takawa ba. Har mutane suka sauko da shi sandar na hannuna, ban kwantar da ita ba. Wannan abu yana cina dare da rana.

Jiya takardar ta iso da hatimi uku, an yarda Hilario, wato Baba, ya riƙe sandarsa tsawon wata shida. Na karanta masa. Sai ya ce, "Giyar a matakala ta zube, ba ta isa wurin da ake zuba wa ƙasa ba." Abin da ke damunsa ke nan, ba ƙugun ba. Ya daina cin abincin kirki. Yana so ɗansa ya hau ya cika masa, ni kuwa ba na iya ko kallon ƙofar nan. Kada ka ce mini aiki ya riƙe ka, jiki magayi.

Inna na gaishe ka, da Kawu Saturnino da Goggo Bernardina. Ka shafa mini kan yara. Baba bai ce a gaishe ka ba, cewa ya yi in tambaye ka yaushe.

Yayarka,
Fortunata