Wayar da ta san maganar Hidaya

Kashin Zama, Aliero.

Zuwa ga Yaya Aliyu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wagga takarda ta same ka lafiya, kai da Zinatu da yara, ya kuma tsare ku a wannan nisa na Fatakwal. Mu nan mun gode Allah. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, har ta je suna Mungadi makon jiya. An kwashe albasa, ba ta yi kamar ta bara ba, amma ba a rasa ba.

Yaya, maganar ɗiyarka Hidaya ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san yadda sanƙarau ya bar ta: harshe ya yi nauyi, hannuwa na rawa, ko cokali ba ta riƙewa da kyau. Abin da ba ka gani da idonka ba shi ne abin da wayar da ka aiko ta yi mata cikin shekara biyu. Da farko kalma ɗaya kan ɗauke ta lokaci mai tsawo, yatsa na dukan harafin da ba shi ta nufa ba. To amma wayar tana da wata dabara, in ka taɓa harafi ɗaya ko biyu sai ta jero maka kalmomi a sama ka zaɓa. A hankali ta koyi bakin Hidaya. In ta taɓa "ru" sai ruwa ya fito. In ta rubuta "ina" sai ta kawo mata "so" da "jin" da "kwana". Ta san sunan ƙawarta Raihana, ta san fura, har sunan akuyarta ta sani. Da haka yarinyar nan ta koma makaranta Aliero, tana amsa tambaya a aji, tana tsokanar babanta cewa hularsa ta tsufa. Ni kaina sai a lokacin na san ɗiyata mai barkwanci ce.

Yau mako biyar ke nan wayar ta fara ɗaukewa. Babanta Malam Sabo ya kai wayar Jega ranar kasuwa wurin wani mai gyara. Mutumin ya ce sai an wanke ta. Malam ya ɗauka wankin datti ne, ya ce a wanke. Ashe goge duk abin da ke ciki ake nufi. Ta dawo tana aiki sarai, amma ba ta san Hidaya ba. In ta taɓa harafi sai kalmomin Turanci su fito, in ta yi wahala ta kammala kalmar Hausa sai wayar ta musanya mata da wata. Ranar farko ta yi ta gwadawa tana dariya. Rana ta uku ta kife wayar bisa tabarma ta juya fuska bango.

Na tafi wurin malamarsu, Malama Salima. Allah ya saka mata, ta zo har gida, ta kashe abin da ke musanya kalmomin, ta sa mata Hausa. An samu ɗan sauƙi, sai dai Hausar da ke fitowa ba irin tamu ba ce, kuma ba kalmomin da Hidaya ke bukata ba. Malama ta ce wayar za ta sake koyo in ana rubutu kullum. Na tambaye ta wata nawa, ta ce ba ta sani ba. Ka ga kuwa hannun ya fi rawa yanzu bisa ga shekara biyu da suka wuce, kuma jarrabawar shiga aji huɗu saura wata biyu. Na ce ko ni da Raihana mu zauna mu rubuta mata kalmomin, wayar ta koya daga gare mu. Mun yi kwana huɗu muna yi. Hidaya ta duba, ta girgiza kai. Da ƙyar ta fahimtar da ni cewa wannan maganata ce, ba tata ba.

Shekaranjiya ciwon kunne ya kama ta. Tun safe tana nuna min, ni kuwa ina ta kawo mata abinci da ruwa, sai da azahar na gane. Malam Sabo yana tsaye bakin ƙofa, ya juya ya fita. Tun da aka wanke wayar ba ya iya haɗa ido da ita. Na faɗa masa ba laifinsa ba ne, ya ce ya ji.

Abin da nake roƙonka shi ne wannan. Malama ta ce lokacin da ka sayi wayar wataƙila ka buɗe mata asusu da suna da lambobin sirri, kuma mai yiwuwa kalmomin na ajiye a can. Ta ce kada in sa rai sosai. Don Allah ka bincika tsofaffin takardunka, ka tambayi Zinatu ko ta tuna. In kuma ka san wani can da ya san aikin, ka yi masa bayani. Ni dai iyakar sanina ke nan, Yaya, ban san ƙofar da zan sake bugawa ba.

Na ce mata ta rubuta maka ko layi ɗaya in kwafa a nan. Ta zauna da wayar tun bayan azahar har aka kira la'asar. Ta samu "Kawu ina", sannan ta goge, ta miƙo min.

Ka gaida Zinatu, da Nuraddeen, da ƙaramar Ummi. Inna na sa maka albarka, Malam Sabo da Baffa Maccido na gaishe ka. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Aminatu.