Ki gaya wa angona ba yaji na yi ba

'Yata,

Na wuce asibiti, za a sake ɗibar jinina. Na ga kin kwanta a gajiye, shi ya sa ban tashe ki ba.

Jiya likita ta kira. Ta ce alamar ciwon dajin hanjin nan da suke aunawa a jinina ta ragu, alhamdu lillahi. Amma maganin ya raunana garkuwar jikina, ko mura ce ta kama ni yanzu sai an ba ni gado. Shi ya sa na kulle ƙofa da ɗanki ya dawo daga makaranta yana tari. Ya yi ta ƙwanƙwasawa yana cewa, "Kaka, angonki ne fa." Ina zaune a bakin gado ina jin sa, na yi kamar barci nake. Ya turo mini alewarsa ta ƙarƙashin ƙofa, ya tafi.

Ki ba shi haƙuri, ki ce amaryarsa ba yaji ta yi ba. In ya taso yau, ki ajiye masa kujera a waje, jikin tagata, ya ba ni labarin makaranta ta bayan gilashi. Ɗakin nan ya yi mini shiru da yawa.

Alewar tana ƙarƙashin matashina, ban iya shanta ba.

Mamarki