Gangunan da Guguwa Ta Bari

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa daga Bardstown. Ya ciwon ƙafar? Darlene tana kai ki coci kuwa?

Na san kin ji guguwa ta rushe mana rumbun ajiyar wiski a kamfanin da nake aiki. Ki kwantar da hankalinki, ba wanda ya mutu. Tsofaffin gangunan wiski masu shekara goma sha takwas kaɗai suka tsira. Mai kamfani ya ce in itacen ganga ya sa sun yi ɗaci, sai kowa ya kama gabansa.

Jiya tsoho Virgil, mai ɗanɗana mana wiski, ya buɗe ɗaya. Shekaru sun shanye fiye da rabinta. Ragowar ta yi jawur, tana ƙamshin ƙonannen sukari. Ya kurɓa.

Sai ya ce, "Lonnie, wannan kam tsufa ya karɓe ta, ba irina ba!"

Aiki yana nan, Mama, mun gode Allah.

Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi. Hannuna na dama ya karye a guguwar, amma likita ya ce ƙashin zai haɗe kafin Kirsimeti. Don Allah kada ki taso.

Ɗanki,
Lonnie